Kaya Na Nan, Yaron Ne Ya Fita

Ranar da na raka gwaggona Kantin Kwari haɗo lefen ɗanta, tun da hantsi muka shiga, ba mu fito ba sai da aka kira la'asar. Wanda ya san kasuwar ya san yadda shagunanta suke. Ɗaki ne da bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba, amma daga ƙasa har rufi atamfa ce da shadda da leshi, turmi kan turmi, bandir kan bandir, ba abin da ido ke gani sai bakin ninki. Daga bakin ninki kuwa ba a sanin zanen atamfa. Sai ta nuna da yatsa, yaron shago ya taka benci, ya dafe na sama da hannu ɗaya kada su rufto, ya zaro na tsakiya da ɗayan, ya warware shi a kan damtsensa. Ta duba, ta murza, ta taɓe baki. Ya ninke ya mayar, ya zaro wani.

A wani shago can cikin layi ta tambayi wata atamfa mai ruwan ƙasa da ta gani jikin wata a gidan suna. Mai shagon, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ce, "Akwai ta, Hajiya, jiya-jiyan nan aka sauke mana dilarta." Ya ɗaga kai ya dubi wannan bango, ya dubi wancan, ya leƙa sito ya dawo. "Wallahi tana nan. Yaron ne ya fita cin abinci, shi ya san inda ya sa ta." Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "To Alhaji, kayan da ba a iya fito da su ai da su da babu duk ɗaya." Muka yi gaba.

Maganar nan tata ce ke faɗo mini a rai duk sa'ad da aka zo batun wani nau'in ciwon daji da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Domin a cikin jikinmu ma akwai shago, akwai kaya a ninke, akwai kuma yaron da ke fito da su.

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. In ka cire jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowace ƙwaya tana da cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai zaren gado, wato DNA. Da za a zaro zaren ƙwaya guda a miƙe shi, zai kai mita 2, yadi biyu da ɗoriya ke nan, bai cika rabin turmi ba. Amma ɗakin da aka cusa shi faɗinsa bai fi kashi 6 cikin dubu na milimita ba. A jikin zaren akwai wurare kusan 20,000, kowanne umarni ne na yadda za a ƙera wani furotin. Su ne ake kira ƙwayoyin gado, su ne zanen da ke jikin atamfar.

Zare mai wannan tsawo ba ya shiga irin wannan ɗaki sai an naɗe shi, kamar yadda ake naɗe yadi a jikin katako a yi bandir. Katakon a nan wasu furotin ne da ake kira histon, guda takwas a dunƙule, zaren ya zagaye su kusan sau biyu, tsawon haruffa 147 na rubutun gado. Daga nan ya ɗan miƙe, ya sake zagaye wani dunƙulen, haka har kusan naɗi miliyan 30 a ƙwaya ɗaya. Roger Kornberg ne ya bayyana wannan tsari a 1974. Zaren da katakonsa a haɗe su ake kira kuromatin, kuma sunan kansa na marina ne. Wajen shekarar 1880 wani Bajamushe mai suna Walther Flemming yana zuba wa ƙwayoyin jiki rini don ya gan su a madubin likita, sai ya ga wani abu a cibiyarsu yana kama rini fiye da sauran, ya raɗa masa suna daga kalmar launi a Girkanci.

Wani abin mamaki shi ne, kayan da ke shagon ƙwayar hanta su ne a shagon ƙwayar fata, su ne a na ƙwaƙwalwa. Dila ɗaya aka sauke wa kowa. Abin da ya bambanta su shi ne wanda aka warware aka baje da wanda aka bari a ninke. Umarnin da ke ninke ba a karanta shi, wanda ba a karanta ba kuwa ba ya aiki. Ƙwayar hanta ta zama hanta ne saboda an baje mata umarnin hanta, an bar na ido da na ƙashi a sito. Masu zuwa neman kaya su ma wasu furotin ne, kowanne da zanen da yake nema, amma galibinsu ba sa iya kama zare muddin yana manne da katako. Sai an zaro musu.

Mai zarowar ba mutum ɗaya ba ne, tawaga ce ta furotin goma sha wani abu da ke aiki a manne da juna. A yis ɗin burodi aka fara jin ɗuriyarta. A 1984 wasu masu bincike a Amurka suka lura da yis ɗin da ya kasa cin wani nau'in sukari, wasu kuma suka lura da wanda ya kasa sauya jinsinsa na barbara, daga baya aka gane cewa hannu ɗaya ne ya gaza a duka biyun. Aka haɗa sunayen biyu aka kira tawagar SWI/SNF. A 1996 ɗakin binciken Gerald Crabtree a Jami'ar Stanford ya tsamo irinta a jikin dabbobi masu shayarwa ya kira ta BAF. Cikin tawagar akwai mai ƙarfi guda, shi ke hawa benci. Yana kama zaren ya tura shi a jikin katako kaɗan-kaɗan, yana cin ATP, abincin da ƙwaya ke biyan ma'aikatanta da shi, har katakon ya gusa gefe ko ya fice gaba ɗaya. Sauran 'yan tawagar wasu ke riƙe katakon, wasu ke gane inda za a tsaya, wasu ke ɗaure tawagar kada ta watse. Ba sa yanka zaren, ba sa canza masa ko harafi ɗaya. Nasu dai su fito da shi.

Aikin kuma ba na yi sau ɗaya a huta ba ne. A 2021 masu bincike a Basel da Vienna suka tsayar da mai ƙarfin nan da magani, cikin 'yan mintoci wuraren da ke buɗe suka fara rufewa. Ashe abin da ke baje, hannu ne ke riƙe da shi a baje. Yaro na fita, kaya na komawa ninki.

Yadda aka saba ba da labarin sankara, wato ciwon daji, shi ne labarin kayan da suka lalace. Hayaƙin taba, zafin rana, wasu ƙwayoyin cuta da yawan shekaru suna ɓata haruffan zaren, kamar gara ko ɗigon rufi a sito. A hankali ɓarna ta taru, umarnin da ke cewa "rabu biyu" ya maƙale a kunne, wanda ke cewa "tsaya" ya goge, ƙwaya ta yi ta hayayyafa ba birki. Wannan gaskiya ne. Sankarar huhun mai shan taba takan ɗauki ɗaruruwan irin waɗannan tabo a cikin umarninta, shi ya sa ciwon ya fi kama manya, domin ɓarna tana son lokaci.

To amma akwai wata sankara da ba ta jiran lokaci. Jarirai take kamawa, galibi 'yan ƙasa da shekara uku, a ƙoda ko a ƙwaƙwalwa, tana kuma cikin mafi saurin kisa. Likitoci na kiranta rabdoyid. Yaushe aka haifi jaririn har gara ta ci masa kaya? A 1998 ɗakin binciken Olivier Delattre a Cibiyar Curie da ke Paris ya gano cewa a kuromosom (ƙunshin zaren gado) na 22 na waɗannan ƙwayoyi akwai umarni ɗaya da ya ɓace, wanda yau ake kira SMARCB1. Kusan kowane umarni kwafi biyu muke da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, a wannan ciwo kuwa duka biyun sun tafi. Furotin ɗin da yake ƙerawa ɗan tawagar nan ne ta masu zaro kaya. Wannan ne karon farko da aka kama tawagar da hannu a cikin sankarar ɗan Adam.

Charles Roberts da abokan aikinsa a Boston suka gwada abin a jikin ɓeraye. A 2002 suka ba da rahoton cewa da suka kashe wannan umarni, duk ɓerayen sun kamu da sankara, rabinsu kafin mako 11 ya wuce. Ɓeran da aka cire wa p53, mai gadin da ya fi kowa suna a harkar sankara, yakan kai wajen mako 20. Bayan shekara goma, a 2012, aka karanta umarnin gadon ƙwayoyin rabdoyid ɗaya bayan ɗaya ana neman sauran ɓarnar. Kusan ba a sami komai ba. Cikin duk sankarorin da aka bincika, tana cikin mafi tsabtar kaya. Ga shago cike, ba gara, ba ɗigo, ba ɓarawon da ya shiga, amma kasuwanci ya durƙushe. Yaron ne ya fita.

Me ya sa fitar mutum ɗaya za ta haifar da wannan bala'i? Saboda a shagon akwai wata tawagar mai aikin da ya saɓa wa na farko. Ana kiranta Polycomb, a jikin ƙudan 'ya'yan itace aka fara gano ta, ita ce mai ninkewa. Babban ma'aikacinta, EZH2, yana bi yana sa wa katako alama cewa wannan a ɗaure, a kai sito. Ita ma ba muguwa ba ce, shagon da ba mai ninke kaya ai kafin azahar ba wurin sa ƙafa. Lafiyar ƙwaya tana cikin jan-in-ja tsakanin mai warwarewa da mai ninkewa. Idan SMARCB1 ya ɓace, tawagar warwarewa ta raunana, ta daina isa wurare da yawa, mai ninkewa ya samu fili. Abin da ya fi shan ɗauri kuwa shi ne umarnin girma, wanda ke ce wa ƙwayar jariri ta zama ƙwayar ƙoda ko ta jijiya, ta kama sana'a, ta bar yawan rabuwa. Ƙwayar da ba ta ji wannan kira ba sai ta tsaya a ƙuruciya, abin da ƙwayar ɗan tayi ta fi iyawa kuwa shi ne hayayyafa. Umarnin da zai tsayar da ita yana nan lafiya lau, harafi bai goge ba, amma da shi da babu duk ɗaya.

Da farko an ɗauka wannan labari ne na wani ciwon yara da ba kasafai ake gani ba. Da na'urorin karanta zaren gado suka yi araha sai abu ya yi ta fitowa. A 2010 aka samu wani ɗan tawagar, ARID1A, a lalace a kusan rabin wani nau'in sankarar gidan ƙwan mace. A 2011 aka samu wani, PBRM1, a lalace a kusan kashi 40 cikin ɗari na sankarar ƙodar da ta fi yawa a manya. A 2013 Cigall Kadoch da Crabtree suka tattara sakamakon bincike masu yawa suka lissafa, suka ga kusan kashi 20 cikin ɗari na sankarorin ɗan Adam suna da wani ɗan wannan tawaga da ya samu matsala. Ɗaya cikin biyar ke nan. Yaron shagon da ba wanda ke kallo, ana ta ciniki da maigida, ashe a hannunsa rufin asirin yake.

Ba kullum ba ne fita ke kawo matsala, wani lokacin shigowa ce. Akwai sankarar da ake kira sinobiyal sakoma, tana kama matasa, sau da yawa kusa da gwiwa ko wata gaɓa. A cikinta kuromosom na 18 da kuromosom X sun karye sun yi musayar guntu, sai wani ɗan tawagar mai suna SS18 ya fito da jelar da ba tasa ba, guntun wani furotin mai suna SSX, tubalin furotin 78 kacal. Kadoch da Crabtree suka nuna a 2013 cewa wannan mai jela yana kutsawa cikin tawagar ya ture na asali, ya ja ta zuwa wuraren da aka ɗaure aka rufe tun ƙwaya tana ɗan tayi, irin su umarnin SOX2, ya sa a warware su. Ka ɗauka an kawo wa Alhaji sabon yaro, kamarsa ɗaya da tsohon, ƙarfinsa ɗaya, amma wani ne a waje ke aikensa. Ba ya sata, ba ya yaga kaya. Sito kawai yake buɗewa ya baje abin da aka ce kada a fito da shi. Da masu binciken suka rage mai jelar a cikin kwanon gwaji, tawagar ta koma yadda take, SOX2 ya rufe, ƙwayoyin suka daina ƙaruwa.

Akwai kuma hali na uku, inda tawagar lafiyarta ƙalau amma mai sayen ne mugu. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. A sankarar furostet, 'yar ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, furotin ɗin da ke amsa kiran sinadarin namiji shi ke ingiza ciwon, amma shi ma ba ya isa ga zare sai an zaro masa. A ƙarshen 2021 ɗakin binciken Arul Chinnaiyan a Jami'ar Michigan ya nuna cewa idan aka narkar da mai ƙarfin tawagar da magani, wuraren da sankarar ta dogara da su suna rufewa, ƙarin ya ja baya a jikin ɓeraye. Ma'aikacin da rashinsa ke jawo sankara a ƙodar jariri, shi ne kasancewarsa ke ciyar da ita a jikin dattijo. Shi hannu ne, ba shi da ra'ayi. A nan kwatancen ya gaza kaɗan, domin yaron Kwari yana da wayo da amana, furotin kuwa inda siffarsa ta dace nan yake mannewa.

Duk wannan ya buɗe wa masu neman magani ƙofofin da ba su da su a da. Zanen da gara ta ci ba ya dawowa, amma wanda aka ninke ana iya warware shi. Ƙofa ta farko ita ce a rage wa mai ninkewa ƙarfi. A 2010 ɗakin binciken Roberts ya nuna cewa ɓeran da ya rasa SMARCB1 ba ya yin sankarar idan an cire masa EZH2 ma. A Janairun 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da tazemetostat, maganin da ke ɗaure hannun EZH2, don wata sankarar tsoka da ita ma ta rasa SMARCB1. Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Cikin mutum 62 da aka gwada wa, 9 ne ƙarinsu ya ragu sosai. Hanya ce aka gano, ba a kai gida ba tukuna.

Ƙofa ta biyu ta tagwaye ce. Mai hawa bencin nan iri biyu ne, BRG1 da BRM, Hassan da Husaini, kowace tawaga ɗaya take ɗauka. Wasu sankarorin huhu sun rasa Hassan, sun koma rayuwa da Husaini kaɗai. In aka samu maganin da zai kwantar da Husaini, shagon sankara ya tsaya cak, ƙwayoyi masu lafiya kuwa Hassan na nan yana yi musu aiki. Wuyar abin ita ce tagwayen sun yi kama ƙwarai, maganin da aka aika wa ɗaya yakan kama ɗan'uwansa. Ana nan ana gwada waɗanda aka ƙera don su bambance su.

Ƙofa ta uku ita ta fi ba ni mamaki. A 2024 Roberts, wanda a lokacin yake asibitin yara na St. Jude a Memphis, shi da mutanensa suka gano cewa a ƙwayar rabdoyid akwai wani mai duba aiki, furotin mai suna DCAF5. Idan ya ga tawagar ba ta cika ba, sai ya tura ta a rushe. Wato yaro ɗaya ya fita, sai aka sallami sauran duka. Da suka kawar da wannan mai dubawa a gwaji, ragowar tawagar ta sake haɗuwa ko da babu SMARCB1, ta koma wuraren aikinta, ƙwayoyin sankarar suka fara barin halinsu. Wannan a kwanon gwaji ne da jikin ɓeraye. Tsakaninsa da maganin da likita zai rubuta wa jariri akwai tafiya mai nisa, kuma har yau tiyata da ƙarin ruwan magani da gashi su ne abin dogaro, ga wanda ya je asibiti da wuri.

Ga uwar da ke zaune bakin gadon ɗanta tana tuhumar kanta, ko abin da ta ci ne, ko inda ta taka, ko bakin wani, wannan ilimi yana da abin faɗi. Ba ko ɗaya daga ciki. Kuskure ne da ya auku a wuri ɗaya cikin haruffa biliyoyi lokacin da ƙwayoyi ke kwafar zare, wasu yaran ma da kwafi ɗaya a lalace aka haife su. Sauran kayan ɗanta duk suna nan yadda Allah ya shirya su.

Mun zagaya layi huɗu a Kwari ranar nan ba mu samu atamfar ba. Da za mu fita gwaggo ta ce mu sake biyawa ta shagon dattijon. Yaron ya dawo, yana zaune a bakin ƙofa yana sakace. Ta kwatanta masa zanen, bai ko bari ta gama ba ya ce, "Mama, mai ganyen nan?" Ya ja benci zuwa kusurwar da Alhaji ya duba har sau biyu, ya dafe na sama, ya zura hannu can ƙasa da rufi ya zaro ta. Tun safe tana wurin, tazararta da kan Alhaji ba ta fi kamu uku ba.